Da Wane Mudu Za A Auna Aikin Agaji? Darasin Da Kurkunu Ya Bar Mana

A ranar 20 ga Janairu, 2025, gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take ba ƙasashen waje, a ranar 1 ga Yuli na shekarar kuma aka rufe hukumarta ta raya ƙasashe, wato USAID, wadda ta shafe fiye da shekara 60 tana aiki. Ingila ita ma ta ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2025 cewa za ta rage nata kason. Ba a daɗe ba zafin abin ya iso ƙofar gidanmu, domin a cikin watan Yulin nan ne Shirin Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, ya yi gargaɗi cewa rumbunansa sun ƙare, kuma mutum miliyan 1 da dubu 300 a arewa maso gabashin Nijeriya suna iya rasa abincin da suke dogara a kai.

Idan tuwo ya yi kaɗan, dole uwar gida ta san bakin da za ta fara ba. Haka yake ga ayyukan agaji na ruwan sha da tsabta da abinci: tun da kuɗi ya ragu, tilas a zaɓi aikin da za a riƙe da wanda za a saki. To, da wane mudu za a auna? Tambayar nan ta shafi kowane ƙauye da aka haƙa wa rijiyar burtsatse, da kowane sansanin 'yan gudun hijira, da kowace ikilisiya da ta taɓa tara baiko domin a kai hatsi ga waɗanda ambaliya ko rikici ya raba da gidajensu. Ra'ayinmu shi ne, mudun da aka saba awo da shi yana da rami a gindi, alhali kuwa akwai na ƙwarai a hannunmu, wanda da shi muka kori kurkunu daga ƙasar nan.

Abin da rahoto yake ƙirgawa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin buɗe rijiya ya san yadda ake yi. A kafa rumfa, a jera kujeru, manyan baƙi su iso, a yanke ƙyalle, babban baƙo ya tuƙa famfo ruwa ya zubo, mata su rangaɗa guɗa, a ɗauki hoto. Daga nan sai a rubuta a rahoto cewa an haƙa rijiya kaza, mutum dubu kaza sun sami ruwan sha. Sau da yawa ma ba a ƙirga mutanen ba, yawan rijiyoyin ake ninkawa da adadin da ake zaton kowace za ta ɗauka. Rahoton bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a ranar biki. Bai faɗi ko famfon yana ba da ruwa bayan damina uku ba, balle ko zawon yara ya ragu.

Masu ba da taimako sun daɗe da sanin wannan aibi. Tun a 1991 ƙasashensu, a ƙarƙashin ƙungiyar OECD, suka shimfiɗa ƙa'idojin auna aiki, wato a duba ko ya dace da bukatar jama'a, ko ya cim ma abin da aka nufa, ko an yi tattalin kuɗi, wane sauyi ya kawo, kuma ko zai ɗore. Biyun ƙarshe su ne masu nauyi, kuma su aka fi tsallakewa, saboda ba sa bayyana sai bayan an rufe ofishin aikin, ma'aikata sun watse, kuɗin bin sawu ya ƙare.

Abin da ya fi girgiza masu agaji ya faru ne a garin Goma na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango. A watan Yuli na 1994, bayan kisan ƙare dangi da aka yi a Ruwanda, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo garin cikin 'yan kwanaki, suna shan ruwan tafkin Kibu ba tacewa. Cikin wata guda kimanin mutum 50,000 suka mutu, galibi da kwalara da atuni, ga kuma ƙungiyoyin agaji da kuɗi jibge a wurin. Binciken haɗin gwiwa da aka buga a 1996 ya nuna ƙarancin shiri da bambancin ƙwarewa tsakanin ƙungiyoyin. Daga nan aka kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da ya kamata ɗan gudun hijira ya samu: lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500 daga gida, masai ɗaya ga mutum 20, da abinci mai ƙarfin kalori 2,100 a rana. Wannan ci gaba ne, don ya mai da hankali kan abin da ya isa hannun mutum. Amma duk da haka, abin da aka bayar ake aunawa. Shirin yaƙi da kurkunu shi ne ya ƙara taki ɗaya gaba, ya auna ita wahalar kanta.

Yadda aka ƙirga kurkunu

Matasan yau da yawa ba su taɓa ganin kurkunu ba, amma dattawan karkara suna ɗauke da tabonsa a ƙafa. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta yakan kai mita ɗaya. Ana kamuwa da ita ta shan ruwan kududdufi ko tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da suka haɗiye 'ya'yanta. Bayan kamar shekara guda sai bororo ya taso, galibi a ƙafa, yana zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta dubbai, masu sha su sake ɗauka. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A ƙasashen arewa da damina take fitowa, daidai lokacin shuka da noma, shi ya sa Dogon na ƙasar Mali suke kiranta cutar rumbun da babu komai a ciki. Wani nazari da UNICEF ta ɗauki nauyi a 1987 ya ƙiyasta cewa manoman shinkafa a wani yanki na kudu maso gabashin Nijeriya suna asarar dala miliyan 20 a shekara saboda ita. Ashe matsalar ruwa ce da ta zama matsalar abinci.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna kamuwa da kurkunu kowace shekara a Afirka da Asiya. A shekarar ce Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shiga yaƙin. Nijeriya ta kafa nata shirin a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, kuma abin lura shi ne aikin farko da aka yi ƙirga ne. Aka bi ƙasar ƙauye-ƙauye tsakanin 1988 da 1989, aka sami masu ciwo fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. Wannan ne ya zama gindin awo.

Daga nan aka zaɓi ɗan sa-kai a kowane ƙauye da cutar take, mutumin garin, aka ba shi littafi. Kowane wata ya rubuta mutum nawa tsutsa ta fito wa, mai duba aiki ya zo ya karɓa, lissafin ya hau zuwa ƙaramar hukuma da jiha da tarayya. Tambaya ɗaya ce kullum: mutum nawa bana, mutum nawa a irin wannan wata bara? Duk sauran abubuwa, da ƙyallen tace ruwa da aka raba gida-gida, da maganin Abate da ake zubawa a kududdufi don kashe ƙwarin, da rijiyoyin da aka haƙa, da wannan lissafi ake yi musu hukunci. Idan an haƙa rijiya amma masu ciwo ba su ragu ba, sai an zo an bi ba'asi. Wani wurin a tarar famfon ya lalace. Wani wurin a tarar mutane suna shan ruwa mai kyau a gida, amma a gona kududdufi suke komawa, dalilin da ya sa aka riƙa raba ɗan bututu mai rariya wanda manomi ko makiyayi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi.

Lissafin bai yi wa kowa kara ba. An sa ranar gamawa da cutar a duniya ƙarshen 1995, ba a cika ba. A Nijeriya ma, daga 1996 zuwa 1999 adadin ya tsaya cik tsakanin 12,000 da 13,500 a shekara, ana aiki amma ba a motsi. Da rahoton kayan da aka raba ake dubawa, da ba wanda zai gane an tsaya. A ƙarshen shekarun 1990 ne Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, ya riƙa zuwa ƙauyukan da kansa, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiya ko su gyara wadda ta mutu a daidai inda littafin ya nuna. A 2006 mutum 16 kaɗai aka samu a ƙasar, har an fara murna, sai ga shi a 2007 sun koma 73, saboda wata ɓarkewa da aka gano a Jihar Inugu. Ba a ɓoye wannan koma-baya ba. Hasali ma, ladan kuɗi aka riƙa ba duk wanda ya kawo labarin mai ciwo. An ga mai ciwo na ƙarshe a watan Nuwamba na 2008, kuma a Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. A 2024, shekarar da Carter ya rasu, mutum 15 aka ƙirga a duniya baki ɗaya, a Chadi da Sudan ta Kudu.

Abu uku za a tsinta a nan. An ƙirga kafin a fara. An ƙirga wahalar da ake son kawarwa, ana kwatanta bana da bara. Mai ƙirgar kuwa ɗan gari ne, kuma labari marar daɗi abin nema ne a wurin shugabannin aikin. Bari mu ɗauki mudun nan mu gwada shi a kan rijiya da masai da buhun hatsi.

Famfon da ya tsaya

Kurkunun kansa ya nuna abin da mutuwar famfo take jawowa. A 2006 hanyar ruwan famfo ta Tamale a arewacin Gana ta sami matsala, 'yan ga-ruwa suka koma ɗibo daga madatsu, a farkon 2007 kuma cutar ta ɓarke a garin Savelugu da ke kusa, ta kwantar da yara masu yawa. A takarda garin yana cikin masu ruwan famfo.

A nan gida, rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 38 cikin 100 na ingantattun wuraren ɗiban ruwa a Nijeriya ba sa aiki, kuma kusan kashi 30 cikin 100 sukan lalace tun a shekararsu ta farko. Lalacewa a shekarar farko ba laifin tsufa ba ne. Ko dai an haƙa a inda ba ruwa, ko ba a nitsa ba har rijiyar takan ƙafe da bazara, ko ɗan kwangila ya sa bututun ƙarfe mai saurin tsatsa. Waɗanda suka tsallake shekarar farko kuwa, ƙaramin abu yakan kashe su, kamar robar cikin famfo da ba ta kai kuɗin akuya ba, amma ba asusu, ba makanike, ba shagon kayan gyara kusa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya ga zamanin hukumar DFRRI, wadda aka kafa a 1986, ya san ƙauyuka da dama inda allon sanarwa ya fi famfon daɗewa.

Saboda haka abin ƙirgawa a kan rijiya shi ne kwana nawa ta yi ba ruwa a shekara, kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara, da kuma minti nawa mace take ɓatawa daga fitarta gida zuwa komowarta da jarka. Har ila yau akwai lafiyar ruwan. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyi tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan kududdufi, aka kuwa yi ta yabon aikin, sai a 1993 aka tabbatar da gubar asinik a ruwan. Wani rahoto da ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗarin shan ta. Mu ma muna da namu kashedin, domin a yankunan Langtang da Kaltungo an san ruwan ƙasa da yawan sinadarin fuloraid mai rina haƙoran yara. Duk rijiyar da ba a gwada ruwanta a ɗakin bincike ba, aikinta bai kammala ba. Daɗin daɗawa, ruwa yakan fito tas daga famfo ya gurɓace a randa, ta hanyar moɗa da hannu, don haka gwaji a bakin rijiya kaɗai bai wadatar ba.

Masai da aka gina, da masai da ake shiga

Binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na 2021 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 48 suna bayan gida a fili. A wannan shekarar ce kwalara ta kama mutum fiye da 111,000, ta kashe fiye da 3,600, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna kan gaba. Ba shakka ana bukatar masai. Amma ƙirga ramuka yana iya ruɗin mutum.

A jihar Orisa ta Indiya an yi wani gwaji a ƙauyuka 100, aka buga sakamakonsa a 2014. A ƙauyukan da aka yi aikin, gidaje masu masai sun tashi daga kashi 9 zuwa kashi 63 cikin 100, amma zawon yara bai ragu ba, saboda gidaje da yawa sun rage ba masai, kuma a inda aka gina ma ba kowa yake shiga ba. Bayan haka aka yi manyan gwaje-gwaje uku a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, aka buga su a 2018 da 2019. An ba gidaje masai da maganin tsabtace ruwa da wurin wanke hannu, da fatan yara za su ƙara girma. Tsawon yaran bai ƙaru saboda waɗannan ba. Zawo ya ragu a Bangaladash, bai ragu a sauran biyun ba. Masu binciken ba su ce tsabta banza ce ba. Abin da suka gano shi ne tsabtar rabi da rabi ba ta tare ƙazanta, muddin yaro yana rarrafe cikin kashin kaji, maƙwabta kuma suna zuwa bayan gari. Da ba a auna yaran ba, da an ci gaba da kashe kuɗi ana zaton an gama.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bayan gida a fili. Abin yabo ne. Sai dai takardar shaida ta rana ɗaya ce, masai kuwa yakan cika, ambaliya takan rusa shi. Shaidar da za ta tabbatar da nasarar ita ce lissafin masu amai da gudawa a asibitocin jihar, damina bayan damina.

Buhu nawa aka ɗora, yaro nawa ya murmure

Rahoton abincin agaji yakan zo da tan-tan, wato abin da aka ɗora wa mota. Tsakanin mota da tukunya kuwa akwai tafiya. A watan Yuni na 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya amsa da bakinsa cewa kusan rabin motocin hatsin da ake aikawa ga 'yan gudun hijira a arewa maso gabas ana karkatar da su. A Habasha ma, a watan Yuni na 2023, USAID da WFP sun dakatar da abincin agaji a ƙasar gaba ɗaya na watanni saboda sata, wanda ya fi shan wuyar dakatarwar kuwa shi ne mai yunwa.

Ko abincin ya isa, akwai tambayar ko shi ne maganin. A yunwar Nijar ta 2005, hatsi yana nan a kasuwannin Maraɗi, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Da farko aka dogara ga sayarwa da rahusa, wanda ba shi da ko sisi kuwa rahusa ba ta yi masa komai, sai daga baya aka koma rabawa kyauta. Abin da ya fallasa girman matsalar shi ne yawan yara masu tamowa da suka cika cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi jinyar fiye da 60,000 a shekarar.

A nan ma akwai mudu mai sauƙi kamar littafin kurkunu, wato ɗan tef mai launi da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan kaurin bai kai santimita 11.5 ba, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Idan yana tsakanin wannan da 12.5, ya fara shiga haɗari. A yankin Mirya na Nijar an koya wa iyaye mata yin awon da kansu, aka kuma tarar ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Aikin abinci da ba zai iya faɗin yara nawa suka fita daga ja suka koma kore ba, bai san abin da ya yi ba.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce kurkunu daban ne. Tsutsa ce da ido yake gani, hanyarta ɗaya, alhali zawo da tamowa suna da sababi goma, kuma adadinsu yana iya sauka ko hawa saboda damina ko farashi ko rikici, ba don aikin kowa ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da wata ɗaya ko ƙauye ɗaya. A kwatanta bana da bara, a kwatanta da maƙwabcin ƙauye da ba a yi wa aikin ba. Kwanakin da famfo ya yi a mace kuwa ba su da wata fassara biyu.

Wani zai ce awo yana cin kuɗin da ya kamata a sayi hatsi da shi. Manyan gwaje-gwaje irin na Kenya da Zimbabuwe suna da tsada, ba kuma kowane aiki yake bukatarsu ba. Amma littafi da biro da tef ɗin damtse ba su kai kuɗin rumfar bikin buɗewa ba.

Tsoro na uku shi ya fi ƙarfi, wato idan aka faɗi gazawa, masu ba da kuɗi za su janye. Abin da ya faru a 2025 ya amsa wannan, domin an yanke kuɗin ne ba tare da an tsaya tantance mai kyau da marar kyau ba. Shirin kurkunu kuwa, wanda ya riƙa buga gazawarsa a fili, ya riƙe masu taimakonsa kusan shekara 40, don suna ganin inda kuɗinsu yake tafiya.

Abin da ya rage gare mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai an jira baƙo ya zo da mota da takardun tambayoyi ba. Duk garin da yake da rijiyar agaji, ko ta gwamnati ce, ko ta ƙungiyar waje, ko wadda ikilisiya ta haƙa, yana iya buɗe littafi tun wannan mako. A rubuta ranar da famfo ya tsaya da ranar da aka gyara, da abin da aka kashe, da abin da ya rage a asusu. A riƙa karɓar adadin yaran da aka kai ɗakin shan magani da zawo kowane wata. A zagaya gida-gida sau biyu a shekara a ga masai nawa ake shiga. Inda ake rabon abinci, a karanta sunaye da yawan mudun kowane gida a bainar jama'a kafin a buɗe buhu, a kuma auna damtsen yara kafin rabo da bayan wata uku. Mata su riƙe littafin, don su ne masu ɗibar ruwa da jinyar yara, kuma a kwamitin a sa kowane ɓangare na masu shan ruwan, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, tare da sanin mai unguwa.

Kafin a karɓi sabon aiki kuma, a yi tambaya cikin ladabi: an gwada ruwan? Wa zai gyara, ina kayan gyara, nawa ne? Wa zai komo ya duba bayan shekara biyu? Za a bar mana kwafin rahoton da za a aika wa masu kuɗi? Tambaya ba butulci ba ce, ƙungiyar kirki ma murna za ta yi da ita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ya haɗa da mu kanmu. Kwamitin agajin ikilisiya da ya karɓi baikon jama'a, ya kamata a taron shekara ya faɗi rijiya nawa cikin waɗanda ya haƙa suke ba da ruwa a ranar, ba nawa ya haƙa kaɗai ba.

'Yan'uwa, zanen aro ba ya rufe katara, mun kuwa ga yadda mai zane yake karɓe abinsa ba sallama. Abin da ya rage a ƙauyukanmu, da famfo da masai da ɗan abin da ke rumbu, sai mun san halin da suke ciki kafin mu iya riƙe su. Waɗanda suka kori kurkunu manoma ne da matan aure masu littafi ɗaya da biro, suna rubuta gaskiya kowane wata har shekara 20. Wanda ya karanta wannan shafi ya je bakin rijiyar garinsu gobe da safe, ya tambayi mata yaushe rabonta da lalacewa, da kwana nawa ta yi kafin a gyara, ya rubuta. Da haka ake farawa.